Gishiri Ba Ya Kai Saƙo Sai Ya Narke

Masu sauraro sun sha jin albishir cewa batir marar ruwa, wanda ba ya yoyo, ba ya saurin kama wuta, ya kusa cika kasuwa. Albishirin nan ya daɗe yana yawo, lalle ya kamata a auna shi.

Gishirin miya, muddin yana ƙullutu, lantarki ba ya ratsa shi, gama ƙwayoyinsa masu caji, watau ayon, suna kafe kamar tubali a jikin gini. In zafi ya kai digiri 801 ya narke, sai su saki jiki, su ɗauki lantarki daga wannan gefe zuwa wancan. Da wannan dabara Humphry Davy ya fitar da sodiyam da fotasiyam a London cikin 1807. A 1886 kuma Hall a Amurka da Héroult a Faransa, kowa da kansa, suka gano yadda za a tace sanholo cikin wani narkakken gishiri mai zafin wajen digiri 950. Hanyar nan aka bi a masana'antar Edeya ta Kamaru tun 1957, da ta Tema a Gana tun 1967. Aikin yana da kyau, amma kuɗin wutarsa ba kaɗan ba ne.

Sa'an nan a 1973 Peter Wright na Jami'ar Sheffield ya ga wata roba da aka cuɗa da gishiri tana barin ayon su wuce, Michel Armand kuwa a 1978 ya ce a yi batir da ita. To, ga inda gizo ke saƙa. Robar zaruruwa ce dogaye, ayon ba ya gusawa sai zaruruwan sun motsa sun miƙa shi gaba. In ta huce sai su sandare, tafiya ta koma ta hawainiya. Motocin haya masu irin batirin nan da suka yi aiki a Paris daga 2011 zuwa 2018, dole a bar su jone da wuta ko suna fake, don kada batirin ya huce.

Saboda haka duk wanda ya zo da sabon albishir, kafin a yi masa tafi, sai ya faɗi a wane zafi ya yi awonsa. Robar Wright tana bukatar digiri 60 zuwa 80, alhali iskar bazarar Hartum ko ta Makka ba ta kai nan ba.