Jami'ar Kafin Hausa Da Gasar Wasannin Jami'o'i

A shekarar 1966 aka yi gasar farko ta wasannin jami'o'in Nijeriya, wadda ake kira NUGA, a Jami'ar Ibadan. Jami'o'i biyar ne kacal a ƙasar a lokacin, wato Ibadan da Nsukka da Ife da Legas da kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ita kaɗai ce ta wakilci Arewa baki ɗaya. Yau Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, tana da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da kuma Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa a cikin masarautar Haɗeja, da aka kafa a 2013. Lokaci ya yi da za a tambayi wane matsayi waɗannan jami'o'i suke nema wa kansu a fagen wasanni.

Tarihin Zariya ya isa abin koyi. Sunan da Jami'ar Ahmadu Bello ta yi a ƙwallon kwando ya samu ne saboda an sami mai horarwa ɗan Amurka, Oliver Johnson, wanda ya zauna shekaru da dama yana koyar da ɗalibai da yaran gari a filin jami'ar. Cikin yaran da suka koyi wasan a hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors ta ƙasar Kanada sa'ad da ta ci kofin NBA a 2019. Malami ɗaya da aka bar shi ya daɗe a wuri ɗaya, da fili da ƙofarsa take buɗe ga yaran unguwa, su ne jarin da aka zuba. Jami'ar ta kuma karɓi baƙuncin gasar NUGA a 2001.

To, amma fa Kafin Hausa ba sai ta kwaikwayi Zariya a ƙwallon kwando ba, domin akwai abin da ƙasar Haɗeja take da shi a ƙofar gida. Jami'ar Fatakwal, wadda ta zo ta ɗaya a gasar da aka yi a Legas a 2022, ta daɗe tana kwasar lambobin zinariya a wasan iyo. Dalilin a fili yake: a ƙwallon ƙafa 'yan wasa goma sha ɗaya suke wahala har ƙarshen gasa kan lambar zinariya ɗaya, alhali kuwa gwanin iyo guda yana iya shiga tsere iri-iri ya fito da lambobi da yawa shi kaɗai. Yaran Auyo da Kiri Kasamma da Guri kuwa a bakin kogi da fadama suka tashi, wasunsu 'ya'yan masunta ne da suka iya ruwa tun kafin su shiga makarantar firamare. Abin da ya rage musu shi ne tafkin iyo mai tsawon mita 50 irin na gasa, da mai horarwa da zai koya musu ƙa'idojin tsere.

Wasu za su ce kuɗin tafki gara a sa shi a ɗakin karatu ko ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma babu mai hankalin da zai fifita lambar yabo a kan littafi. Sai dai wanda ya ga ambaliyar 2022, yadda ruwa ya ci gidaje da gonaki da rayuka a wannan yanki, ya san iya ruwa a nan ya wuce sha'anin wasa. Ɗalibin da aka horar da shi iyo da dabarun ceton wanda ruwa ya ja, zai koma garinsu da ilmin da za a nema a wurinsa kowace damina.

Bisa ga haka, wannan jarida tana kira ga Gwamnatin Jiha da hukumar jami'ar su haɗa kai su samar da tafki ɗaya a yankin Haɗeja, wanda ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da na makarantun sakandare za su riƙa amfani da shi, a kuma ware sa'o'i na musamman ga ɗalibai mata tare da mace mai horarwa, don iyaye su saki jiki. Haka kuma ya kamata a riƙa kiyaye tsohuwar al'adar jami'o'i ta barin yammacin Laraba ba darasi domin wasanni. Ma'aikatan da ke tsara kasafin kuɗi su lura cewa gina tafki shi ne mai sauƙi. Albashin mai horarwa da kuɗin maganin tsabtace ruwa da man injin tura ruwa su ne suke bukatar gurbi a kasafin kowace shekara.