Bayan Baƙi Sun Watse

A shekarar 2030 Faransa za ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik na hunturu a tsaunukan Alps, karo na huɗu ke nan bayan 1924 da 1968 da 1992. Muna taya su murna da ɗokin wannan rana. Amma fa su tuna da Grenoble, inda dandalin tsalle kan ƙanƙara da aka gina domin gasar 1968 ya zama kufai. Mu ma mun ɗanɗana: filin wasa na Surulere, wanda ya ɗauki Wasannin Afirka a 1973, ya yi shekaru a lalace. Saboda haka, ya ku ma'aikatan gobe, kafin ku sa hannu kan kwangilar gini, ku tambaya wa zai kula da shi bayan baƙi sun watse.