Biskit ɗin Piyemonte na masara ne, a bar masa masararsa

A yankin Piyemonte da ke arewa maso yammacin Italiya akwai wani biskit mai ruwan ɗorawa da ake kira paste di meliga. Meliga sunan masara ne a can. Kayan haɗinsa ba su da yawa: garin masara, garin alkama, bota, sukari, ƙwai, sai ɗan ɓawon lemun tsami. Amma masu gasa shi a gida sukan rage masarar har ta zama ta ado, ko su musanya ta da farin sitacin da ake yin kastad da shi, don wai ya yi laushi. Ina ganin wanda ya yi haka ya gasa wani abu ne dabam.

Masara baƙuwa ce a Italiya. Daga nahiyar Amurka ta shiga Turai bayan 1492, ta zama abincin talakawan arewacin ƙasar, waɗanda suka dogara da tuwonta, polenta, har cutar pelagra ta addabe su saboda rashin wani abincin. Mutanen Piyemonte sukan ce tsadar alkama ce ta sa masu gashi suka fara cuɗa ta da masara. Ko labarin ya tabbata ko bai tabbata ba, dabarar ta haifar da abin da alkama ita kaɗai ba ta iya bayarwa.

Garin alkama yana da danƙo, wanda kan farka da zarar ya sha ruwa aka murza shi. Masara ba ta da wannan danƙo. Saboda haka duk cokalin masarar da ya shiga kwaɓin yana katse danƙon, bota kuma ta lulluɓe sauran garin, sai biskit ya fito yana marmashewa a baki, da ɗan tsaki a ƙarƙashin haƙori da ƙamshin gasasshen hatsi. Sitaci yana kawo marmashewar, amma ba shi da ƙamshi ko launi. Ba banza ba ne masu gashin wajejen Mondovi suke riƙe da masarar gargajiya mai layi takwas, niƙan dutse. Su ma mutanen Benis sunan launin masarar suka raɗa wa nasu biskit ɗin, zaleti, wato 'yan rawaya.

A ra'ayina kada masara ta gaza kashi ɗaya cikin uku na garin, kuma ta zama ja, niƙa mai laushi. A kula da bota: abin da ake sayarwa da wannan suna a kasuwanninmu galibi majarin ne na man tsirrai, ba na nonon shanu ba.

A haɗa kwaɓin ba tare da yawan murza ba, a matse shi zobe-zobe, a bar shi ya yi sanyi kafin ya shiga tanda mai zafin digiri 180. Kimanin minti 15 ya isa, da zarar gefensa ya fara ja a fitar.