Kalmar "Trine" da Danginta

A cikin ƙamus na Turanci akwai wata 'yar kalma, "trine", wadda ko Baturen Ingila bai cika furta ta ba. Ma'anarta abu mai ninki uku. Wani ɗalibi zai ce, ina ruwanmu da ita tunda da wuya ta fito a jarrabawa? Mu dai muna ganin ta cancanci a tsaya a kanta, domin tushenta ya fi ta amfani.

Ta shiga Turanci a ƙarni na 14 ta hanyar tsohon Faransanci, amma asalinta "trinus" ne na Latin, harshen Romawan dā. Romawa suna cewa "tres" uku, "ter" sau uku, "trini" uku-uku, kamar dai yadda mu ma muke rarrabewa da Hausa. Masu duban taurari ne suka fi riƙe ta, suna nufin taurari biyu masu tazarar digiri 120, wato sulusin da'ira. Ba duba muke koyarwa ba, lissafin kaɗai muka ɗauka!

Daga wannan "trinus" ɗin ne aka sami "trinitas". Tertullian, mutumin Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, shi ne aka sani ya fara rubuta ta da Latin a farkon ƙarni na 3, yana bayanin Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ashe Triniti da muke ambata a wurin sujada 'yar'uwar wannan baƙuwar kalma ce.

Abin da ke damunmu shi ne yadda ɗalibai suke haddace manyan kalmomi don burge jama'a ranar muhawara, bayan mako guda sun manta. Amma wanda ya gane cewa "tri" uku ne, ba zai tsorata da "triangle" ko "tricycle" ba, ko da ranar ya fara ganinsu. Har "trivial", abu marar muhimmanci, daga mahaɗar hanya uku ta Romawa ta fito, inda kowa da kowa ke wucewa.

Muna roƙon malamanmu na Turanci su riƙa ware ko minti biyar a mako don tonon asalin kalma guda. Malaman Hausa ma haka: ɗalibai nawa ne suka lura cewa Talata, talatin da sulusi duk daga ukun Larabci suka fito?