Allon Kuɗin Shiga Mun Gani, Ina Na Kuɗin Fita?

Yau za mu ɗan fita daga zancen littattafai mu leƙa duniyar wasannin kwamfuta, domin a can akwai wani kamfani da ya karɓi ɗaruruwan miliyoyin daloli daga hannun jama'a a kan aikin da bai kammala ba. Tambayarmu guda ce: idan mutum ya karɓi kuɗi kafin ya kawo kaya, me ya wajaba ya nuna wa waɗanda suka biya shi?

Sunan kamfanin Cloud Imperium Games, wasan kuma Star Citizen. Jagoransa Chris Roberts ne, wanda ya yi suna da wasan Wing Commander tun 1990. A watan Oktoba na 2012 ya fito ya ce zai gina wasan sararin samaniya, inda kowane ɗan wasa zai mallaki kumbonsa, ya yi fatauci ko yaƙi ko yawon bincike tsakanin taurari. Bai je wurin manyan kamfanonin da suka saba ɗaukar nauyin irin wannan aiki ba, sai ya nemi 'yan wasa su yi masa karo-karo. A shafin Kickstarter ya nemi dala 500,000, ya samu sama da miliyan 2. Da aka haɗa da abin da aka tara a shafin kamfanin, kafin watan Nuwamba ya ƙare kuɗin sun haura miliyan 6. Lokacin da aka ce masu biya su sa ran kayansu shi ne Nuwamban 2014.

Daga nan ba a rufe asusun ba. Kamfanin ya ci gaba da sayar da kumbunan cikin wasa, wasu ma tun suna zane, kafin a ƙera su yadda za a iya tuƙa su. A 2018 an fito da wani ƙunshi na kumbuna a kan dala 27,000, a farkon 2024 kuma aka fito da na dala 48,000. Jimillar karo-karon ta kai dala miliyan 500 a Satumban 2022, ta haura miliyan 700 a 2024. Amma shekara goma bayan ranar da aka sa tun farko, wato ƙarshen 2024, wasan yana matakin gwaji da suke kira alfa. Ɗan uwansa Squadron 42, wanda aka ɗauko taurarin fim irin su Mark Hamill da Gary Oldman da Gillian Anderson suka yi aiki a ciki, a Oktoban 2024 kamfanin ya ce sai 2026.

Bari mu yi wa kamfanin adalci tun kafin mu yi nisa. Ba mu ce ya gudu da kuɗin kowa ba. Akwai abin da ake shiga a buga, kuma mutane da yawa suna bugawa suna jin daɗi. Yana da ofisoshi a Amurka da Ingila da Jamus da Kanada, ma'aikatansa sun haura dubu, kuma kaso mafi tsoka na abin da yake kashewa albashinsu ne. Har wa yau yana bayyana abubuwan da yawancin kamfanonin wasa ba sa bayyanawa. Ƙorafinmu yana kan irin abin da ake nuna wa jama'a kullum da irin wanda sai an jira.

A shafin kamfanin akwai wani allo da ke ƙirga kuɗin da suka shigo. Kowa zai iya dubawa dare ko rana ya ga adadin yana hawa. Mutane da dama sun ɗauki wannan allo a matsayin shaidar gaskiya, mu kuwa muna ganin ya fi kama da talla. Wanda ya ga miliyan 700 a rubuce zai ji hankalinsa ya kwanta, ya ce ai kamfani mai irin wannan dukiya ba zai durƙushe ba, sai ya ƙara nasa. Alhali adadin nan jimillar duk abin da aka karɓa ne tun 2012, kuma galibinsa an riga an kashe. Ɗan tireda ma ya san cewa cinikin shekara goma daban, abin da ke cikin aljihun tebur yau daban.

Sai a watan Disamba na 2018, shekara shida da fara karɓar kuɗi, kamfanin ya fitar da taƙaitaccen lissafinsa na 2012 zuwa 2017. A nan ne aka ga cewa a ƙarshen 2017 abin da ya rage masa bai wuce kimanin dala miliyan 14 ba, a daidai lokacin da allon ke nuna sama da miliyan 170. A wannan watan ne kuma aka sanar cewa Clive Calder, attajirin harkar waƙa, da ɗansa Keith sun zuba dala miliyan 46 sun karɓi kusan kashi 10 cikin 100 na hannun jarin kamfanin. A 2020 suka ƙara miliyan 17 da ɗoriya. Wato aikin da aka yi wa kirarin cewa na 'yan wasa ne, ba ruwansa da masu jari, ya wayi gari da masu jarin da ke da haƙƙi rubutacce, su kuwa masu karo-karo ba su da ko ƙwayar hannun jari.

Tun daga lokacin kamfanin kan fitar da irin wannan lissafi shekara-shekara, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai shi yake tsara shi, shi yake zaɓar yadda zai kasa shi, kuma yakan fito kusan shekara guda ko fiye bayan shekarar da ake magana a kai. Lissafin 2022 ya nuna abin da aka kashe ya haura dala miliyan 100, kusa da abin da ya shigo. Ma'anar wannan a fili take: albashin gobe ya dogara da cinikin kumbunan yau. Duk ranar da ciniki ya ja baya, aikin ne zai ji a jikinsa, kuma muddin ciniki ne ke riƙe da albashi, dole a ci gaba da zana sabbin kumbuna, kowanne kuwa sabon alkawari ne da ya hau kan tsofaffi.

Wasu muhimman bayanai ma ba daga shafin kamfanin aka fi saninsu ba. Dokar Birtaniya ta tilasta wa kamfanonin ƙasar su ajiye lissafinsu a ofishin rajista na Companies House, inda kowa zai iya karantawa kyauta. A takardun reshen kamfanin na can ne masu bibiya suka karanta cewa masu jarin suna da damar, a wasu lokuta da aka ƙayyade, su nemi kamfanin ya sayi hannun jarinsu ya mayar musu da kuɗi. Haka a 2021 hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace a Birtaniya ta sa kamfanin ya riƙa bayyanawa a tallansa cewa wasu kumbunan ba a gama su ba tukuna.

Mu kwatanta da wani kamfanin. A Fabrairun 2012 Tim Schafer na Double Fine ya nemi dala 400,000 a Kickstarter, mutum sama da 87,000 suka ba shi miliyan 3.3. Shi ma yawan kuɗin ya sa ya faɗaɗa aikin har ya fi ƙarfin asusun. Amma ya bar masu kyamara suna ɗaukar aikin ana nuna wa masu karo-karo, har da zaman da ake taƙaddamar kasafi. A Yulin 2013 ya fito ya ce kuɗin ba za su isa ba, za a raba wasan Broken Age gida biyu, a sayar da rabin farko a ƙarasa na biyu da cinikin. Ya sha zagi sosai. Rabin farko ya fito a Janairun 2014, na biyu a Afrilun 2015. Ya yi latti, ya zarce kasafi, amma mutanen da suka biya sun ji labarin matsalar daga bakinsa, kuma sun karɓi kayansu.

Wani zai ce ai ba wanda aka tilasta, kowa da kuɗinsa ya biya, kuma sharuɗɗan a rubuce suke. Haka ne. Amma yardar mutum tana da ƙima ne gwargwadon abin da ya sani lokacin da ya yarda. Wani kuma zai ce kamfani ba zai baje sirrinsa a gaban abokan gasa ba. Ba mu nemi albashin kowane ma'aikaci ba. Abu huɗu muke ganin haƙƙin mai biya ne ya sani a kan lokaci: nawa ya rage a asusu, wata nawa zai riƙe aikin idan ciniki ya tsaya, wa kuma ke da haƙƙi a kan kuɗin, sannan daga cikin abin da aka sayar me aka miƙa, me ya saura. Ya kuma kamata a ce wani odita na waje ya sa hannu a kai.

Yanzu mu dawo gida, domin ba haka kawai muka ɗauko wannan labari ba. Da yawa a cikinmu muna sayar da littafi a WhatsApp tun kafin mu rubuta ƙarshensa. Masu karatu su tura kuɗi, a sa su a rukuni, a yi musu alkawarin shafi kullum. Wannan ma karo-karo ne, bambancin kawai yawan kuɗin. Mu ma mun iya shelar cewa mutum kaza sun biya, ko rukuni ya cika an buɗe na biyu. Wa ya taɓa faɗa wa masu biya babi nawa ya riga ya rubuta ranar da ya buɗe asusu? Wa ya bayyana abin da zai yi da kuɗinsu idan rashin lafiya ko jarrabawa ta tsayar da shi? Har akwai mai tallata sabon littafi alhali na baya yana rataye, kamar yadda ake zana sabon kumbo tsohon bai tashi ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Shawararmu ga duk wanda zai karɓi kuɗi a kan littafin da bai gama ba ita ce ya rubuta tun ranar farko inda aikin ya kai, ranar da yake sa ran gamawa, da yadda za a mayar da kuɗi idan abin ya gagara. Idan an samu tsaiko, ya zama shi ne na farkon da zai faɗa, kafin masu karatu su fara cigiyarsa. Kada kuma ya buɗe asusun littafi na biyu sai ya sauke na farko.

Muna jiran ra'ayoyinku a ƙasa, musamman waɗanda suka taɓa biyan kuɗin littafi ya tsaya a hanya, da waɗanda suka taɓa karɓa aikin ya cije musu. Sunan kowa ba ma buƙata, yadda aka warware kawai muke son ji. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.