Martani Ga Mai Yabon Tsananin Uba

Malam marubuci ya kafa hujja da Andre Agassi, ɗan wasan tanis na Amurka, wai tsananin mahaifi ke haifar da gwani. Alhali da ya yi tahkiki kafin ya ɗauki alƙalami, da ya tarar Agassi da kansa ya bayyana a littafinsa na 2009 cewa ya tsani wasan tun yana yaro, lokacin da uban ke tsayar da shi gaban injin harba ƙwallo. Haba malam, ina adalci ga yaro a nan? A 1997 Agassi ya faɗo har matsayi na 141 a duniya, kuma sai da ya sake ɗaura ɗamara bisa zaɓin kansa, babu tilas, sannan ya ci gasar Faransa a 1999.