RA'AYINMU: A Gaya Wa Yara Gaskiyar Bashi

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma da zarar an taso da zancensa a gida sai a kori yara waje, alhali kuwa da su ake shan wahalarsa.

A watan Nuwamba na 1915 babu wanda ya san banki a fadama. A watan Nuwamba na 2015 kuwa, a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na bai wa manoman shinkafa rance. Da ambaliyar 2020 ta cinye gonakin Argungu da kewaye, shinkafa ta tafi, bashi ya tsaya. Yaro ya ga tuwo ya ragu, uba ya yi jugum. Tun da ba a faɗa masa dalili ba, sai tsoro ya kama shi.

Ƙasa ma haka take. A 2005 ƙasashen da ke binmu bashi, wato Paris Club, suka yafe wa Nijeriya dala miliyan dubu 18, muka biya miliyan dubu 12. Daga baya aka ciwo wani, ɗan firamare na yau kuwa shi zai biya da harajinsa.

Saboda haka, ya 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, ku zauna da ƙannenku. Ku faɗa musu daidai hankalinsu cewa an ci bashi, ana biya, kuma nauyin yana wuyan manya. Ku nuna musu bambancin rancen taki da rancen biki. Yaron da ya saba jin inda kuɗin gida ya tafi, shi zai tambayi gwamnati inda rancen ƙasa ya shiga.